Uban Ɗiyar Gulbi

Mayahi, bayan girbi

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kin sauka Damagaram lafiya, kin samu wurin kwana mai kyau, kuma lakwal ɗin ungozoma, makarantar da kika tafi, ta karɓe ki hannu biyu. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ki da abokan zama na gari. Mamarki tana gaishe ki. Labarin gida ita za ta ba ki ta waya, ni abin da ya sa na ɗauki bik na rubuto maki daban ne.

Kin san ni ba mutumin takarda ba ne. A katiriyam, aji na uku, na bar kolej, tun daga nan ƙarfe nake riƙewa. Amma maganar da muka fara a tasha ba ta ƙare ba, mota ce ta tashi, kuma ba zan yi ta a bokal, saƙon murya na waya, ba. Ni da bokal mun yi hannun riga, za ki ji dalili in kin yi haƙuri.

Maganar Ɗiyar Gulbi ce.

Na san ke ce tun kafin in tambaye ki. Ranar da aka karanta mana rubutun nan da ya fito da sunan Ɗiyar Gulbi, na matan ƙauye da ake kawowa likita a amalanke suna naƙuda, muna zaune a fadarmu ta bakin kasuwa, ana dafa shayi. Sale tela ne ke karantawa daga wayarsa, yana tsayawa yana cewa "wallahi haka ne." Ni ina saurare kamar kowa. Sai ya iso wurin da marubuciyar ta ce, in za a ɗauki mai naƙuda a hanyar rairayi, a rage iskar tayun kaɗan, amalanke zai daina tsalle da ita. Wa ya san wannan a garin nan in ba ni ba? Wa na koya ma, tana ƙarama tana zaune kan tsohuwar taya a atiliye, wurin aikina, tana cin gyaɗa, in ba ke ba?

Kafin in haɗiye abin da ke bakina, Sale ya juya wajen Mushe Haruna ya ce, "Mushe, a gaida ka! Wagga ɗiya taka har iskar taya ta sani?"

Kin san Haruna. Benci guda muka zauna a kolej. Shi ya wuce, ya zama malami ana ce mashi Mushe, ya zama direktan lakwal, ya yi ritaya da farar riga. Ɗiyarsa Zalika tana jami'a a Yamai, saboda haka duk garin sun yanke cewa ba wadda za ta iya jera magana haka, Hausa ta zauna daram, Faransanci ya shigo inda ya dace, sai ɗiyar direkta. To mi Haruna ya ce? Ya gyara gilashinsa, ya yi murmushi, ya ce, "Yaran yanzu sai addu'a." Shi ke nan. Bai yi ƙarya ba, ban isa in kama shi da ƙarya ba, amma bai musa ba. Tun daga ranar, in ya shigo fada ana matsa mashi wuri a tabarma, ana ba shi kofin farko. Wani bafillatani daga wajen Korgom ya kawo mashi ƙwaryar nono har gida, wai godiya, don matarsa ta iso likita lafiya da tayun da aka rage ma iska. A amalanken da ni na ƙera! Haruna bai taɓa duƙawa gaban taya ba a rayuwarsa. Ko keken da yake hawa lakwal, ni yake kawo ma in ya yi faci.

Na faɗa maki gaskiya, abin yana cin raina. In mutum ya ce maki ubanki ya fi ƙarfin kishi, bai san ni ba.

Bari in tuna maki yadda sunana ya hau ƙarfe, don ki gane mi ya sa abin ya yi mani zafi haka. Lokacin da na bar facin taya na fara walda, wani ɗan kasuwa a Tasawa ne ke ɗaukar amalankena duka. Ni in yanka, in haɗa, in ƙona ido, shi ya shafa fenti ya rubuta sunansa a baya da manyan baƙaƙe. Ni kau ina murna, ina ganin na samu mai saye. Shekaru aka yi a haka. Wata rana a kasuwar Kanan-Bakashe na tsaya kusa da wasu manoma suna duba wani amalanke, ɗayansu yana bubbuga ƙarfen yana cewa, "Aikin Alhaji ba ya karyewa." Na ce mashi, "Malam, ni na yi shi." Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi rigata da tartsatsi ya huhhuje, ya ce, "To, sannu da taya Alhaji aiki." Na koma gida ban ci tuwo ba. Washegari na ɗauki sandar walda na rubuta ISUFU MAYAHI a ƙarfen baya, ba da fenti ba, da wuta, yadda ba mai kankare shi. Ɗan kasuwar ya yi fushi ya bar ni. Na sha wuya kafin in tsaya da ƙafata, amma yau daga nan har bakin iyaka, in aka ga amalanke mai sifirin na tsohuwar mota a ƙasa, ba a tambayar na wane ne.

Kuskurena shi ne na daɗe ban yi ba. Na bar wani ya sa rigar da na ɗinka har ta zauna mashi. Abin da zan faɗa maki a nan shi ne: aikin da ba suna a kansa ba ya zama marar uba, uba ake laƙa mashi. Mutane ba sa iya zama da abu mai kyau ba su san na wane ne ba, sai sun ba wanda suke ganin ya dace. Kuma wanda suke ganin ya dace kullum mai farar riga ne. Ki san da wannan tun yanzu, kada ya zo maki da mamaki kamar yadda ya zo mani.

Da wannan zafin na tare ki a tasha na ce ki sa sunanki, Wance Isufu, kowa ya gani. A ƙasarmu ai sunan uba shi ne rabin sunan ɗa. In kin ɓoye naki, nawa kika ɓoye. Amsar da kika ba ni ta bi ni har gida. Kika ce, "Baba, in aka san ni ce, an san su wa suka ba ni labari." Direba yana ta danna hon, mota ta tashi da ke. Sai da na zauna na gane kin fi ni hujja.

Don gaskiya ne. Matan da ke zama a inuwar itacen bedin da ke atiliye suna jira a gyara masu amalanke, mazansu sun shiga kasuwar dabbobi, ke kike kai masu ruwa, ke suke ba labari. Wadda mijinta ya ce sai an gama shayar da shanu kafin a ɗaura jaki, ta haihu a hanya, na san ta, na san mijin. Ba zan rubuta sunanta ko a nan ba. In yau aka ce Ɗiyar Gulbi ɗiyar Isufu mai walda ce, kafin kasuwa ta zagayo mijin nan ya lissafa inda matarsa ta zauna da wadda ta yi hira da ita. Ke kina Damagaram, ita tana rugarsa. Ba ke za ki kwana da abin ba.

Kuma ni ne bai kamata in manta da haka ba, don na taɓa ganin yadda suna ke jawo ma wanda bai ji ba bai gani ba. Kina karatu a lise a lokacin, kin san labarin sama-sama. Shekarar da na sayi babbar waya aka sa ni a guruf ɗin hira na waya na 'yan Mayahi na gida da na waje. Damina ta yi, ruwa ya cinye hanyar da ke bi ta gaban atiliye, aka yi ta magana ba a gyara ba. Wata rana amalanken wani dattijo ya kife a ramin da buhunan hatsinsa, a gabana. Na ɗauki waya da zafina, na danna, na ce, "Ni ne Isufu mai walda, ba na ɓoye kaina," na zazzage abin da ke cikina. Maganar hanya gaskiya ce, har gobe zan maimaita ta. Amma ban tsaya a hanya ba. Na shiga masu ilimin garin, na ce sun iya sa gilashi su zauna a inuwa, na ce wasu sun ƙare aiki ba su bar ma garin ko bulo ɗaya ba. Ban kira sunan Haruna ba, amma har kurma ya san da wa nake.

Uwata, ban san bokal na da ƙafa ba. Kafin la'asar ya kai Maradi, washegari wani ɗan ƙanena ya kira ni daga Agadas yana dariya. Maganar hanya ta ɓace, aka bar "Isufu ya zagi malamai." Mamarki ta je suna, mata suka yi shiru da ta shigo. Ƙanenki ya dawo daga lakwal ya ce malaminsu ya tambaye shi ko ya zo da bulonsa. Har wani makiyayi da ya daɗe yana sayen kayana ya ce mani a kasuwa ana nuna amalankensa ana cewa ga motar mai baki. Sunan da na rubuta da wuta don kada a kankare, ranar na so a ce fenti ne.

Abin da na koya, shi nake ba ki: sunanki ba naki ke kaɗai ba ne. Akwai mutanen da ke rataye a jikinsa, wasu kin san su, wasu ba ki taɓa tunaninsu ba. Ranar da za ki yi magana da shi a fili, ki fara duba su. Kuma ko da suna ko ba suna, kada ki taɓa waya ranki yana tafasa. Ki ajiye ta, ki yi alwala, ki ci abinci. In maganar gaskiya ce, za ta jira ki.

Da na tsaya nan da na tsira da sauran mutuncina. Amma kin san ubanki. Haruna ya ba ni amsa a guruf ɗin da Faransanci mai tsawo, cikin ladabi, irin ladabin da ya fi mari ciwo, aka yi ta yaba mashi. Ni kau na je na sayi sabon layi, na sa aka shigar da ni da sunan Mai Gaskiya, na yi niyyar in rama ba tare da an taɓa gidana ba. Na toshe hanci da rawani don murya ta canza, na yi bokal na ce wasu direktoci a binciki yadda suka riƙe lakwal. Ba ni da wata hujja, haushi ne kawai. Abin da na manta, a atiliye nake tsaye. Injin wuta yana ruri a bayana, ana yankan ƙarfe, tartsatsi har a cikin waya ana jin shi. Ba a jima ba Sale tela ya amsa, "Mai Gaskiya, in ka gama, a duba mani ƙofar shagona, waldar ta saki." Guruf ya kwashe da dariya. Har yau in na makara zuwa fada sai wani ya ce, "Ina Mai Gaskiya?"

Wannan ya fi na farko muni, kuma na sani. A na farko na yi wauta da fuskata a buɗe. A na biyu na rufe fuska don in soki mutum da abin da ba zan iya rantsewa a kansa ba. Don haka ga ma'aunin da zan ba ki, shi kaɗai nake da shi. Duk abin da za ki rubuta da sunan Ɗiyar Gulbi, ki tambayi kanki: in gobe aka ji injin a bayana, aka gane ni, zan iya tsayawa a kan wagga magana a gaban wanda na yi ta a kansa? In za ki iya, rubuta. In ba za ki iya ba, ba kowa kike karewa ba, ɓuya kike. Kuma ki sani za a iya ganewa. Kowa yana da injinsa a baya. Naki iskar taya ce, ni na ji ta, wata rana wani ma zai ji. A lakwal ɗin nan za ki ga abubuwa a ɗakin haihuwa da za su sa hannunki ƙaiƙayi. Matan da za su kwanta a gabanki amana ce. Ki canza ƙauye, ki canza yawan 'ya'ya, ki canza duk abin da dangin miji za su bi su gane ta. Kada ki ɗauki hoton kowa. Kada ki faɗa ma ƙawar ɗaki cewa ke ce, ko ta rantse, don daɗin a san mutum ya fi ƙarfin rantsuwa. Ni shaida ne.

Na ce ni shaida ne don saura kaɗan in tona ki. Bayan tafiyarki aka karanta sabon rubutunki, wanda kika ce kowane ƙauye ya ware amalanke ɗaya da ba a ɗaukar taki ko hatsi da shi, ya zauna da tabarma da jaki a kusa saboda masu ciki. Liman da kansa ya ce magana ce ta hankali. Sai wani ya ce, "Mushe Haruna, gida ya yi albarka." Haruna ya shafa gemu ya ce, "Tarbiyya ce." Tarbiyya! Uwata, na miƙe tsaye. Bakina ya buɗe. Sale ya ce, "Isufu, lafiya? Ko Mai Gaskiya ne ya motsa?" Aka yi dariya. Ina tsaye ina kallon Haruna, sai fuskar matar nan ta rugar ta zo mani, tana zaune a inuwar bedi da jaririnta a cinya. Na ce, "Ƙafata ce ta yi sanyi." Na koma na zauna, na karɓi kofi na uku.

Ban taɓa yin aikin da ya fi wannan zaman nauyi ba, kuma na ɗaga gatarin babbar mota da hannuna.

To ga inda na tsaya. Ba zan faɗa ba. Ko mamarki ban faɗa ma ba, kin san ta da 'yan'uwanta. Ki ci gaba da zama Ɗiyar Gulbi muddin akwai matar da sunanki zai jawo ma duka ko saki. Amma ba na so ki saba. Ɓoyayyen suna kamar inuwa ne, yana da daɗin zama, mutum sai ya manta yadda ake tsayawa a rana. Akwai maganganun da ba su da nauyi sai an san mai yin su. Ranar da kika samu difilom, takardar gama karatu, kika tsaya gaban manya kina cewa a gyara kaza a likita, ba za su saurari gulbi ba, mutum za su saurara, mai suna da uba da garin da za a same shi. Ranar ki sa sunanki cikakke, kada ki rage ko harafi. Ina roƙon Allah ya kai ni ranar, ya kuma kai Haruna, da ransa da lafiyarsa da gilashinsa, don ina so ya karanta da kansa.

Kafin nan ina da roƙo ɗaya. Da farko na so in ce ki rubuta wani wuri cewa hannun ubanki duk tabon wuta ne. Sai na tuna masu walda a Mayahi ba mu da yawa, kuma ni kaɗai ke da ɗiya a lakwal ɗin ungozoma. Na janye. Na so in ce ki ambaci cewa a katiriyam ya tsaya, na ga wannan ma Sale zai gano. To ga wanda ya rage, na juya shi ta kowane gefe ban ga inda zai cuci kowa ba. A rubutu na gaba, ko a tsakiya, ko a ƙarshe, kamar ba da gangan ba, ki ce ubanki bai taɓa cin albashi ba. Shi ke nan. Daga nan har Tasawa, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, kusan kowane uba zai iya cewa da shi ake. Ba wanda za a gane. Mutum ɗaya ne kawai a fadarmu zai daina shafa gemu. Ba sai an ba ni kofin farko ba, na haƙura da shi. A daina ba shi kawai.

In kin ga ko wannan zai taɓa matan, ki bar shi, ba zan yi fushi ba. Zan dai ji haushi, amma na saba.

Abu na ƙarshe. Da nake ta faɗan kin ɓoye sunana, mamarki ba ta san kan zancen ba, amma jiya ta ji ina cewa "Uwata" a waya da kawunki, ta ce, "Kai dai har yarinyar nan ta tsufa ba za ta ji sunanta a bakinka ba." Na tsaya. Tun ranar da aka raɗa maki sunan mahaifiyata, bakina bai taɓa furta shi ba, don kunya da girmamawa. Ashe ni na fara ɓoye maki suna, kuma ba don ƙi ba. To ban da bakin cewa duk wanda ya rufe suna ya raina shi. Bakina har yanzu ba zai iya ba, amma bik ba shi da kunya, kuma ina so in ga yadda za su zauna tare kafin ranar da duniya za ta gani.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare harshenki da yatsunki, ya rufa asirin matan da suka ba ki amana, ya sa hannunki ya zama sanadin sauka lafiya ga duk wadda ta zo gabanki. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki rufe ƙofa. Allah ya dawo mana da ke lafiya, Rakiya Isufu.

Naki,
Isufu Mayahi, mai walda,
uban Ɗiyar Gulbi, ko da ba wanda ya sani.